Bangon matsarmama: Yadda ake auna ƙarfinsa da ma'anar awon ga majinyata a Kudancin Kaduna

Matsarmama, wadda wasu ke kira maɗaciya, 'yar jaka ce da ke manne a ƙarƙashin hanta, ta ɓangaren dama na ciki, daidai inda haƙarƙari ya ƙare. Tsawonta a jikin baligi yakan kai santimita 7 zuwa 10, kuma abin da take ɗauka bai wuce mililita 30 zuwa 50 ba, wato kimanin cokalin cin abinci biyu zuwa uku. Bangon da ya kewaye ta kuwa, idan tana lafiya, kaurinsa ba ya haura milimita 3.

A kan wannan siririn bango ne aikinta ya rataya, kuma a cikinsa ne yawancin cututtukanta ke bayyana. Idan ya yi tauri, jakar ba ta iya buɗewa ta karɓi ruwa. Idan namansa ya yi rauni, ba ta iya matsewa ta fitar da abin da ta tara. Idan kuma ya kumbura har jini ya daina isa gare shi, yana iya hujewa, ruwan ɗaci ya malale cikin ciki, lamarin da ke kai mutum ɗakin tiyata cikin gaggawa. Saboda haka ne likitoci da injiniyoyi suka daɗe suna neman hanyar auna ƙarfin bangon da taurinsa da iya miƙewarsa, kamar yadda ake auna ƙarfin ƙarfe ko siminti kafin a ɗora musu nauyin gini.

Aikin matsarmama a jiki

Hanta ce ke samar da ruwan ɗacin nan mai launin kore da ɗorawa, kuma takan samar da kusan rabin lita zuwa lita guda a kowace rana. Ruwan yana taimakawa wajen narkar da maiƙo, yana kuma fitar da wasu abubuwan da jiki ya gama amfani da su. Tsakanin cin abinci da cin abinci, wani zoben nama da ke bakin bututun da ke kai ruwan cikin hanji yana tsukewa, sai ruwan ya koma ya taru a matsarmama. Sunan wannan zobe ya samo asali ne daga Ruggero Oddi, ɗan ƙasar Italiya da ya yi bayaninsa a shekarar 1887.

Matsarmama ba ajiya kaɗai take yi ba. Fatarta ta ciki tana tsotse ruwa da gishiri, har kaurin ruwan ɗacin ya ninka sau 5 zuwa 10. Da zarar abinci mai maiƙo, kamar ƙosai ko soyayyen nama ko miyar gyaɗa, ya sauka daga tumbi zuwa farkon ƙaramin hanji, sai hanjin ya saki wani sinadari cikin jini mai suna kolisistokinin, wanda ake taƙaitawa da CCK. Shi ne ke umartar naman matsarmama ya matse, zoben Oddi kuma ya saki. Masana biyu a birnin Shikago na Amurka, Andrew Ivy da Eric Oldberg, su ne suka gano wannan sinadari a 1928.

Duk wanda ya taɓa ganin ana gyaran kayan cikin rago ya san ta. Mahauci yakan lallaɓa ya yanke ta daga jikin hanta ba tare da wuƙarsa ta taɓa bangonta ba, domin ya san idan ta fashe ɗacinta zai ɓata naman. Akwai kuma dabbobin da ba su da ita sam, irin su doki da jaki da raƙumi. Ruwan ɗacinsu yana zuba cikin hanji kai tsaye. Haka jikin mutum ke komawa yi bayan an cire masa ita.

Yadda bangon yake

Idan aka yanka bangon aka duba shi da madubin likita, za a ga hawa-hawa ne. Daga ciki akwai shimfiɗa mai laushi mai ninki-ninki, wadda ke miƙewa idan jakar ta cika, ta tattare idan ta zube. Bayanta akwai siririn hawan nama, wanda zarurrukansa ba su bi hanya ɗaya ba: wasu sun kewaya, wasu sun bi tsawo, wasu kuma sun gitta. Sai hawan da ke riƙe da jijiyoyin jini da na saƙo, wanda ke cike da zarurrukan kolajin da na ilastin. Daga waje kuma akwai wata fata mai santsi, ban da gefen da ke manne da hanta.

Kolajin zare ne mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa sosai. Ilastin kuwa kamar roba yake, yana talewa ya dawo. A lokacin da matsarmama ba ta cika ba, zarurrukan kolajin a lanƙwashe suke, ilastin ne ke ɗaukar nauyi, shi ya sa bangon ke buɗewa cikin sauƙi. Yayin da jakar ke ƙara cika, kolajin yakan miƙe ɗaya bayan ɗaya, bangon ya riƙa tauri. Wannan ne ya bambanta naman jiki da waya ko ƙarfe, kuma shi ne ya sa awonsa ke da wahala.

Wani abin lura shi ne, bangon matsarmama ba shi da hawan kariyar da hanji ke da shi tsakanin shimfiɗar ciki da nama. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa kumburi ko ciwon daji ke saurin ratsa shi.

Abubuwan da ake aunawa

Masu wannan fanni suna amfani da ma'aunai huɗu da suka aro daga ilimin injiniya.

Na farko shi ne nauyin ja da ke kan bangon. Ana samunsa ne ta hanyar raba ƙarfin da aka ja abu da shi da faɗin fuskar da ta ɗauki jan. A ƙaddara an yanko tsirin bango mai faɗin milimita 5 da kaurin milimita 2. Fuskar da aka yanke ta zama murabba'in milimita 10. Idan aka ja shi da ƙarfin niyuton 1, wanda ya yi kusa da nauyin giram 100, to nauyin jan ya zama kilofaskal 100.

Na biyu shi ne miƙewa, wato ƙarin tsawon da abu ya yi idan aka kwatanta da tsawonsa na asali. Tsirin da ya tashi daga milimita 20 ya koma 22 ya miƙe da kashi 10 cikin 100.

Na uku shi ne tauri, wanda ake samu ta raba nauyin jan da miƙewar. A misalin da ya gabata, kilofaskal 100 a raba da kashi ɗaya bisa goma zai ba da kilofaskal 1,000. Ana jingina wannan ma'auni ga Thomas Young, masanin Ingila da ya yi bayaninsa a 1807, bisa dokar da Robert Hooke ya wallafa a 1678, wadda ke cewa miƙewar abu tana tafiya daidai da ƙarfin da aka ja shi da shi. Waya mai lanƙwasa tana bin wannan doka, amma naman jiki ba ya bin ta sai a ɗan taƙaitaccen zango. Farfesa Yuan-Cheng Fung na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, wanda ake ɗauka a matsayin uban wannan fanni a zamanin nan, ya nuna a 1967 cewa taurin nama mai laushi yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda ake ƙara jan sa. Don haka ba a faɗin taurin bangon matsarmama da lamba ɗaya sai an faɗi a wane matakin miƙewa aka auna.

Na huɗu shi ne iyakar juriya, wato nauyin jan da bangon zai ɗauka kafin ya yage.

Bayan waɗannan akwai halaye biyu da ake lura da su. Ɗaya shi ne bambancin ƙarfi ta fuskoki: majemi ya san cewa fata ba ta miƙewa iri ɗaya ta tsawo da ta faɗi, haka ma bangon matsarmama. Ɗayan kuma shi ne tasirin lokaci: idan aka ja naman aka riƙe, sannu a hankali yana saki, kamar yadda fatar ganga ke sassautawa bayan an ɗaure ta.

Awo a ɗakin gwaji

Ana samun naman gwaji daga wurare uku: matsarmamar da aka cire a tiyata, wadda aka ɗauko daga gawa, da ta dabbobi. Kowace da matsalarta. Wadda aka cire a tiyata galibi mai ciwo ce, don haka ba ta wakiltar lafiyayya. Ta gawa tana fara canzawa daga lokacin da jini ya daina gudana. Ta dabba kuma ba ta zama daidai da ta mutum ba. A Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tsara yadda ake ɗaukar wani sashe na jikin mutum, kuma bincike irin wannan yana buƙatar yardar mai jikin ko danginsa tare da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike.

Gwajin da ya fi yawa shi ne na ja ta fuska ɗaya. Ana buɗe jakar, a wanke ta, a yanko ƙananan tsirrai, wasu ta tsawo wasu ta kewaye. Sai a auna kauri da faɗin kowanne, a damƙe bakunansa biyu a cikin na'ura, a riƙa ja da gudu ƙayyadadde, na'urar tana rubuta ƙarfi da tsawo. Ana ajiye naman cikin ruwan gishiri mai ɗumin jiki, wato digiri 37 a ma'aunin Salshiyos, domin idan ya bushe zai yi tauri ya ba da lambar ƙarya. Kafin awo na gaskiya, akan ja a saki sau da dama har sai sakamakon ya daidaita. Wasu kan ɗiga ƙananan alamomi a jikin naman, kyamara ta riƙa bin motsinsu, saboda zamewar nama a bakin madamƙi tana ɓata lissafi.

Akwai kuma gwajin ja ta fuska biyu a lokaci guda, inda ake yanko yanki mai kusurwa huɗu a ja shi ta kowane gefe. Wannan ya fi kusa da abin da ke faruwa a jiki. Hanya ta uku ita ce hurawa: a ɗaure bututu a wuyan jakar, a riƙa ɗura ruwa kamar ana cika salka, ana auna matsin ruwan da girman da jakar ke ƙarawa. Ta huɗu ita ce dannawa da wani ɗan tsinke mai ma'auni a kansa, don a san taurin wuri guda.

A 2017 wasu masu bincike a ƙasar Iran, ƙarƙashin Alireza Karimi, sun wallafa sakamakon gwajin ja da suka yi wa bangon matsarmamar mutane, inda suka samu cewa ya fi tauri da juriya ta tsawo fiye da ta faɗi. Lambobin da ɗakunan gwaji daban-daban ke fitarwa sukan bambanta, saboda shekarun mai naman, da irin ciwon da ya yi, da tsawon lokacin da naman ya yi a ajiye, da gudun jan, duk suna shiga cikin sakamakon.

Awo a jikin mai rai

Ba a yanko tsiri daga jikin majinyacin da ke zaune a layin asibiti. Abin da likita ke da shi shi ne na'urar hoton ciki mai aiki da sauti, wadda jama'a ke kira sikanin. Tana gano tsakuwar matsarmama a fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ɗauke da ita, kuma tana nuna abubuwa uku da suka shafi bangon.

Na farko kauri. Ana auna bangon gaba, wanda ke jingine da hanta, kuma abin da ya wuce milimita 3 ana ɗaukarsa a matsayin mai kauri. Sharaɗin wannan awo shi ne majinyaci ya kasance bai ci abinci ba na awa 6 zuwa 8. Matsarmamar da ta matse bayan cin abinci bangonta yakan tattare ya yi kauri, har lafiyayya ta yi kama da mai ciwo. Kofin shayi da madara da safe ya isa ya ɓata sakamakon.

Na biyu girma. Ana auna tsawo da faɗi da zurfi a santimita, a ninka su, sannan a ninka da 0.52. Jaka mai santimita 8 da 3 da 3 za ta ba da kusan mililita 37.

Na uku ƙarfin matsewa. Bayan awon farko, sai a ba mutum abinci mai maiƙo ko a yi masa allurar CCK, a sake aunawa. Idan jakar ta koma santimita 6 da 2 da 2, wato kusan mililita 12 da rabi, ta fitar da kimanin kashi 67 cikin 100 na abin da ke cikinta. A manyan asibitocin da ke da sashen gwaji da sinadarai masu haske, ana yin wannan awo da na'ura ta musamman, kuma abin da ya gaza kashi 35 zuwa 38 cikin 100 ana ɗaukarsa alamar rauni.

Daga irin waɗannan hotuna ne wata ƙungiyar masana lissafi ta Jami'ar Gilasgo, da suka haɗa da Wenguang Li da Xiaoyu Luo da Nicholas Hill da Ray Ogden, tare da likitocin tiyata na birnin Shefil a Ingila, suka riƙa ƙididdige nauyin jan da ke kan bangon ta kwamfuta. Abin da ya dame su shi ne majinyatan da ke fama da ciwon matsarmama alhali ba a ga tsakuwa ko ɗaya ba, waɗanda wasunsu ko an cire musu jakar ciwon ba ya tafiya. A rubuce-rubucen da suka wallafa daga 2008 zuwa 2013, sun nuna cewa nauyin jan da ke kan bangon ya fi dacewa da zafin da majinyaci ke ji fiye da yawan ruwan da jakar ta fitar. Akwai kuma sabbin na'urorin hoto da ke aika girgiza cikin nama su auna gudunta, domin girgiza ta fi sauri a nama mai tauri. An fi amfani da su wajen auna taurin hanta, ana kuma gwada su a kan matsarmama.

Abin da ke sa bangon fashewa

Dokar da ke bayyana haɗarin tana ɗauke da sunan Pierre-Simon Laplace, masanin Faransa na farkon ƙarni na 19. A taƙaice, nauyin jan da ke kan bangon jaka yana ƙaruwa idan matsin cikinta ya ƙaru ko faɗinta ya ƙaru, yana kuma raguwa idan bangon ya yi kauri. Idan faɗin jakar ya ninka biyu, bangon kuma ya sirance zuwa rabi, nauyin da ke kansa ya ninka huɗu ko da matsin bai canza ba. Yaron da ke hura balan-balan yana ganin wannan doka da idonsa.

Idan tsakuwa ta toshe wuyan matsarmama, shimfiɗar ciki ba ta daina fitar da majina ba, sai matsi ya hau, jakar ta kumbura. Jan da ke kan bangon yana matse ƙananan jijiyoyin jinin da ke cikinsa, naman ya fara mutuwa, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Gindin jakar, wanda ya fi nisa daga inda jini ke shigowa, shi ne ya fi yawan hujewa. Kusan kashi 90 cikin 100 na kumburin matsarmama na gaggawa ta wannan hanya ta tsakuwa yake farawa.

Kumburin da ke zuwa yana komawa na tsawon shekaru kuwa akasin haka yake haifarwa. Tabo yana maye gurbin nama, bangon ya yi kauri ya ƙanƙance. Tun a 1890 likitan tiyata na ƙasar Suwizalan, Ludwig Courvoisier, ya lura cewa idan mai shawara yana da matsarmama kumburarriya da ake iya taɓawa ba tare da zafi ba, da wuya tsakuwa ce sanadi, domin jakar da tsakuwa ta daɗe tana gurzawa ta yi taurin da ba za ta iya kumbura ba. A irin wannan hali likita yakan nemi ƙari da ya toshe bututun. Har yau ɗaliban likitanci a Zariya da Jos da Kaduna suna haddace wannan ƙa'ida, wadda asalinta awon tauri ne da tafin hannu. Mafi tsananin taurin shi ne wanda sinadarin kalsiyam ke taruwa a bangon har ya bayyana a hoton ƙashi kamar ƙwaryar tangaran.

Inda batun ya shafi Kudancin Kaduna

A ƙasashen Turai da Amurka, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na manya suna da tsakuwar matsarmama, yawancinta ta kolestarol, mai alaƙa da ƙiba da yawan haihuwa da shekaru. A ƙananan hukumomi takwas na shiyyar Kaduna ta Kudu, wato Jema'a da Jaba da Kaura da Zangon Kataf da Kachiya da Kagarko da Kauru da Sanga, kamar sauran sassan Najeriya, akwai wasu cututtuka uku da dole mai karanta hoton ya sa a zuciyarsa.

Na farko amosanin jini, wato sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu wannan cuta a Najeriya kowace shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Jan ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20. Wannan yawan fashewar jini yana cika ruwan ɗaci da sinadarin bilirubin, wanda ke daskarewa ya zama baƙaƙen tsakuwoyi, wani lokaci tun yaro bai kai shekara goma ba. Haɗarin shi ne ciwon matsarmama yana kama da tashin sikila na ciki, sai a yi ta ba da maganin zafi alhali bangon yana ta kumbura.

Na biyu zazzaɓin taifot, wanda ke yaɗuwa ta gurɓataccen ruwa da abinci. Ƙwayar cutar tana jure wa ruwan ɗaci, tana kuma iya kumbura matsarmama ba tare da tsakuwa ba, har ta huda ta. Likitocin tiyatar yara na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da na Jami'ar Jos, ciki har da Farfesa Emmanuel Ameh da Farfesa Lohfa Chirdan, sun wallafa rahotanni a kan kumburin matsarmama a jikin yaran Najeriya, inda taifot ya fito cikin musabbabai. Haka kuma kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na waɗanda suka warke sukan ci gaba da ɗauke da ƙwayar a matsarmamarsu suna yaɗa ta ba su sani ba. Shahararren misali shi ne Mary Mallon, mai dafa abinci a birnin Niyok, wadda aka gano a 1907, ta ƙi yarda a cire mata matsarmama, ta kuma rasu a killace a 1938.

Na uku ciwon hanta. Binciken ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Ciwon hanta yana kaurara bangon matsarmama ko da ita kanta lafiya take, haka ma ciwon zuciya da na ƙoda da ƙarancin sinadarin gina jiki a jini. A nan ruwa ne ya jiƙa bangon, kuma cire jakar ba zai yi maganin komai ba. Ita ma allurar seftiriyazon, da ake yawan yi wa masu taifot, tana iya tara laka a jakar mai kama da tsakuwa, wadda ke gushewa bayan an daina allurar. Saboda haka milimita 3 ba hukunci ba ne shi kaɗai. Ana haɗa shi da tarihin ciwon da gwajin jini da wurin da majinyaci ke jin zafi.

Babban asibitin Kafanchan, wanda aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa da ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a watan Disamba na 2012, shi ne Gwamnatin Tarayya ta mayar da shi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a 2025. A shekarar ce kuma aka kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aiki a Kachiya. Garin Kafanchan yana da kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma da kuma reshen Jami'ar Jihar Kaduna. Ga majinyacin da ya taso daga Kwoi ko Kagoro ko Zonkwa ko Gwantu, kusancin asibitin ƙwararru yana da nauyi a wannan cuta musamman, domin tsakanin kumburi da hujewa kwanaki ne kawai.

Tiyata da amfanin awon

Carl Langenbuch ne ya fara cire matsarmamar mutum cikin nasara, a birnin Balin ranar 15 ga Yulin 1882. Bayan fiye da shekara ɗari, a watan Satumba na 1985, wani likitan Jamus, Erich Mühe, ya yi aikin ta ƙananan huda tare da na'urar leƙa ciki, hanyar da yanzu ta zama ruwan dare a duniya. A wannan tiyata likita ba ya taɓa jakar da yatsunsa. Da dogon awartaki yake kama ta ya ɗaga. Idan ya matsa da yawa bangon ya yage, ruwan ɗaci da tsakuwa su zube. Idan kuma bangon ya yi kauri da tauri, awartakin ba ya kamawa, aikin ya yi tsawo, wani lokaci sai an koma buɗe ciki. Shi ya sa likitocin tiyata ke duba kaurin bangon a hoto kafin su shiga, kuma shi ya sa masu ƙera na'urorin koyon tiyata da mutum-mutumin da ke taya likita aiki ke buƙatar lambobin da ɗakin gwaji ke fitarwa.

Ba kowace tsakuwa ce ke buƙatar wuƙa ba. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu ita ba sa jin komai. Amma idan kumburi na gaggawa ya tabbata, ƙa'idojin da likitoci ke bi, ciki har da na Tokiyo da aka fara fitarwa a 2007 aka kuma sabunta a 2013 da 2018, sun fifita a yi aikin da wuri ga wanda jikinsa zai iya ɗauka, galibi cikin makon farko, kafin tabo ya manne sassan da juna.

Alamomin da ba a jira da su

Ciwon matsarmama yakan taso a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko a ƙahon zuciya, sau da yawa bayan cin maiƙo ko cikin dare, yana iya harbawa zuwa allon kafaɗar dama, tare da tashin zuciya ko amai. Saboda wurin da yake kamawa, akan ɗauke shi a matsayin gyambon ciki, a yi ta shan maganin olsa. Likitoci na shawartar a garzaya asibiti idan zafin ya wuce awa shida bai lafa ba, ko ya haɗu da zazzaɓi da rawar ɗari, ko ido ya yi ɗorawa fitsari ya yi duhu, ko kuma ciki ya ɗaure ya yi tauri. Zafin da ya lafa farat ɗaya sannan ya dawo ya game ciki duka yana iya zama alamar bangon ya huje.

Wanda aka rubuta wa hoton ciki ya je da yunwa ta awa 6 zuwa 8, ya faɗa wa mai ɗaukar hoton magungunan da yake sha da rukunin jininsa na sikila idan ya sani, ya kuma riƙe tsofaffin sakamakonsa, domin kwatanta awon yau da na bara yana nuna wa likita ko bangon yana ƙara kauri ne ko yana nan yadda yake.